Yadda Ake Haɗawa da Saita Allon Sadarwa Mara Waya Domin Ayyukan Karkara a Anka, Gummi da Bukkuyum

Gabatarwa

Mun tanadi wannan bayani ne domin amfanin shugabannin sassan ayyuka da na lafiya na ƙananan hukumomi, da kansiloli, da kwamitocin kula da rijiyoyin burtsatse, da kuma matasanmu da suka karanci aikin lantarki. Manufarmu ita ce mu bayyana mene ne allon sadarwa mara waya, da yadda ake haɗa shi a saita shi, har ya riƙa aiko da saƙon tes daga ƙauye kamar Duza ta ƙaramar hukumar Anka zuwa wayar jami'in da ke hedikwata.

Kamar yadda jama'a suka sani, yawancin asarar da ake yi a karkara na faruwa ne saboda labari bai iso kan lokaci ba. Famfon sola kan tsaya a yi makonni ba a sani ba, firjin asibiti kan mutu da dare allurar rigakafi ta lalace, gulbi kuma kan cika ya shigo gari mutane na barci. Ambaliyar da ta auka wa garin Gummi a watan Agusta na 2024, wadda ta raba ɗimbin jama'a da muhallansu, ta isa misali. Allon da ba ya kai tafin hannu girma na iya rage wannan jinkiri, matuƙar an bi matakan haɗa shi ɗaya bayan ɗaya, kuma an tanadi wanda zai karɓi saƙon ya ɗauki mataki.

Mene ne allon sadarwa mara waya?

Allo ne ƙarami da aka jera wa ƙwaƙwalwar lantarki, da eriya, da mashigar wayar USB, da ƙafafu a gefe biyu waɗanda ake jona ma'aunai da su. Ana kiransa allon gwaji domin an yi shi ne yadda mai koyo zai iya haɗawa ya warware ba tare da ya ƙera nasa allon ba. Shi kansa allon bai san komai ba sai abin da aka rubuta masa. Ana rubuta umarnin a kwamfuta, a tura masa ta wayar USB, daga nan sai ya ci gaba da aiki shi kaɗai.

Wanda ya fi yaɗuwa a yau shi ne ESP32, na kamfanin Espressif Systems da ke birnin Shanghai na ƙasar Sin, wanda ya fito a 2016 bayan yayansa ESP8266 na 2014. Yana ɗauke da Wi-Fi da Bluetooth, kuma ƙafafunsa na aiki da wuta mai ƙarfin bolt 3.3. Manhajar da aka fi rubuta masa umarni da ita ita ce Arduino IDE, wadda ake samu kyauta, kuma asalinta wani aikin koyarwa ne da aka fara a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005.

Zaɓen hanyar aika saƙo

Kafin a sayi komai, wajibi ne a fara tantance hanyar da saƙon zai bi. Hanyoyi uku ne aka fi amfani da su.

Ta farko ita ce Wi-Fi, wadda ba ta wuce 'yan mitoci, don haka ta dace da sakatariya ko babban asibiti kawai. A lura cewa ainihin ESP32 na kama Wi-Fi na zangon gigahaz 2.4 ne kaɗai, ba ya ganin na gigahaz 5.

Ta biyu ita ce layin waya na GSM, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Agusta na 2001. Ana ƙara wa allon wani guntu mai cin katin sim, kamar SIM800L na kamfanin SIMCom. Wannan guntu na aiki da sabis na 2G ne kawai, wanda galibi shi ya fi kai wa lunguna. Akwai sababbin guntaye masu kama 4G, irin su SIM7600 da A7670, waɗanda suka fi tsada amma sun fi dacewa da aikin da ake so ya daɗe, ganin cewa ƙasashe da dama sun riga sun rufe 2G.

Ta uku ita ce LoRa, wata fasahar rediyo ta kamfanin Semtech, wadda ke kai gajeren saƙo tazarar kilomitoci a fili ba tare da katin sim ba. Ta dace da ƙauyen da babu sabis, inda za a tura saƙon zuwa wani allo da ke garin da ake samun sabis. Duk mai niyyar amfani da ita sai ya fara duba ƙa'idojin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, game da zangon rediyon da aka yarda da shi.

A wannan bayani za mu tsaya kan haɗa ESP32 da SIM800L, domin saƙon tes na shiga kowace irin waya, har ƙaramar da ba ta hawa intanet.

Kayan da ake buƙata

1. Allon ESP32 da guntun SIM800L tare da eriyarsa.
2. Wayar USB mai ɗaukar bayanai. Wayoyin caji da yawa na kasuwa wuta kaɗai suke bayarwa, kuma da su kwamfuta ba za ta ga allon ba.
3. Katin sim matsakaici, wanda aka yi wa rajista aka haɗa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kamar yadda gwamnatin tarayya ta wajabta tun watan Disamba na 2020.
4. Batirin litiyam samfurin 18650, da guntun caji irin su TP4056, da ƙaramin faifan sola mai bolt 6.
5. Kafasita mai ƙarfin maikurofarad 1000, da 'yan rasistoci.
6. Ma'aunin da ya dace da aikin: DS18B20 domin zafi da sanyi, ko JSN-SR04T domin tsawon ruwa.
7. Mitar gwada wuta, irin wadda masu gyaran rediyo da waya ke amfani da ita.
8. Akwatin roba mai murfi wanda ruwa ba ya shiga.

Mataki na farko: shirya kwamfuta

A sauke Arduino IDE a girka ta. Bayan haka a shiga wurin da aka rubuta Boards Manager, a nemo esp32 na Espressif Systems a girka shi. Wannan sauƙewa na cin data mai yawa, saboda haka muna ba da shawara a yi ta a Gusau ko wani gari mai ƙarfin sabis kafin a tafi ƙauye.

Daga nan a jona allon da kwamfuta. Idan kwamfutar ba ta nuna sabuwar mashiga ba, sai a duba ɗan guntun da ke kusa da bakin USB na allon. Galibi za a ga an rubuta CP2102 ko CH340, kuma kowannensu na da direban da ake girkawa. Idan mashigar ta bayyana, sai a zaɓe ta, a kuma zaɓi ESP32 Dev Module a jerin alluna.

Mataki na biyu: gwajin farko

Kada a jona komai da allon tukuna. A buɗe misalin nan mai suna WiFiScan da ke zuwa tare da manhajar, a tura shi. Idan kwamfuta ta tsaya tana nuna kalmar Connecting da ɗige-ɗige, sai a danna maɓallin BOOT na jikin allon a riƙe har turawar ta fara. Bayan an gama, a buɗe Serial Monitor a saita saurinsa kan 115200. Idan sunayen Wi-Fi na kusa suka bayyana, to allon lafiyarsa ƙalau. Idan kuwa wasu haruffa marasa ma'ana ke fitowa, saurin ne bai yi daidai ba.

Amfanin wannan gwaji shi ne, duk matsalar da ta taso daga baya, an san ba daga allon ko kwamfuta take ba.

Mataki na uku: wutar guntun GSM

A nan ne aka fi samun cikas. SIM800L na buƙatar wuta tsakanin bolt 3.4 da 4.4, kuma a lokacin da yake neman sabis yakan fizgi wutar da ta kai amfiya 2 na ɗan taƙaitaccen lokaci. Ƙafar bolt 3.3 ta allon ba za ta iya ba shi wannan ba, ƙafar bolt 5 kuwa na iya ƙona shi. Abin da ya dace shi ne a ba shi wuta kai tsaye daga batirin 18650, wanda ke kai bolt 4.2 idan ya cika, ta gajerun wayoyi masu kauri, sannan a sanya kafasitar nan dab da ƙafafun wutarsa. Guntun da ke mutuwa yana tashi da kansa, yunwar wuta ce ke damunsa.

Wajen haɗa wayoyin magana, ƙafar TX ta guntun na zuwa ƙafa ta 16 ta allon, ƙafar RX kuma na zuwa ƙafa ta 17, kuma yana da kyau a rage ƙarfin wutar wannan layi na biyu da rasistoci biyu. Dole ne a haɗa ƙafar GND ta allon da ta guntun da ta batir wuri ɗaya. A ɗaura eriya kafin a ba da wuta, kuma a tabbata an cire makullin lambar sirri na katin sim ta hanyar sa shi a wayar hannu tukuna.

Fitilar jikin guntun na ba da labari. Idan tana ƙiftawa kusan kowace daƙiƙa ɗaya, yana neman sabis ne. Idan ta koma ƙiftawa sau ɗaya a daƙiƙa uku, ya samu.

Mataki na huɗu: tambayar guntun

Ana magana da guntun ta wasu gajerun umarni masu farawa da haruffan AT, waɗanda ake rubutawa a Serial Monitor bayan an tura wa allon ɗan umarnin da ke miƙa saƙo tsakaninsa da guntun. A bi su a jere kamar haka:

1. AT. Amsar da ake jira ita ce OK. Idan babu amsa, a duba ko an juya TX da RX.
2. AT+CPIN? Idan ya amsa READY, ya ga katin sim.
3. AT+CSQ. Zai ba da lamba daga 0 zuwa 31. Ƙasa da 10 sabis ne mai rauni, daga 15 zuwa sama mai kyau ne, 99 kuma na nufin bai ji komai ba.
4. AT+CREG? Amsar 0,1 na nufin ya shiga layin kamfaninsa.
5. AT+CMGF=1, sannan AT+CMGS tare da lambar wayar da za a aika wa, wadda za a fara da +234. Bayan an rubuta saƙon sai a rufe da harafi mai lamba 26.

Wajibi ne a maimaita gwajin ƙarfin sabis a ainihin wurin da za a kafa na'urar, da layukan kamfanoni daban-daban, da safe da kuma da dare. Sabis ɗin da aka gani a cikin garin Anka ko Bukkuyum ba shi ne na ƙauyen da ke bayan tsauni ba. Sau da yawa ɗaga eriya zuwa saman ƙarfen tanki kan ƙara lambar sosai.

Akwai wani abin lura da ya shafi harshenmu. Saƙon tes guda na ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa harafi mai lanƙwasa kamar ƙ ko ɗ ko ɓ, sai saƙon ya koma wani tsarin da ke ɗaukar haruffa 70 kacal, kuma sai an yi wa guntun saiti na musamman kafin ya aika shi daidai. Don haka a zaɓi kalmomin da ba su da irin waɗannan haruffa, misali: "Tankin Duza saura kwata, a duba famfo."

Mataki na biyar: jona ma'auni

Ba kowace ƙafar ESP32 ake taɓawa ba. Ƙafafu na 6 zuwa 11 na haɗe da ma'ajiyar allon, a bar su. Ƙafafu na 34, 35, 36 da 39 karɓa kawai suke yi, ba sa fitarwa. Haka kuma kada a taɓa shigar da bolt 5 cikin kowace ƙafar saƙo.

Domin tankin ruwa ko gulbi, ana kafa JSN-SR04T a sama yana kallon ruwa. Yana harba sautin da kunne ba ya ji, ya ƙirga lokacin dawowarsa, daga nan a lissafa tazara. Ba ya ganin abin da ya matso ƙasa da kimanin santimita 25, don haka a bar wannan rata tsakaninsa da iyakar cikar ruwa. Amsar da yake mayarwa na iya zuwa da bolt 5, sai an rage ta da rasistoci. Bugu da ƙari, sauti na gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa idan zafi na digiri 20, amma yakan kai kusan mita 355 a digiri 40. A tanki mai tsawon mita biyu wannan na kawo kuskuren santimita shida zuwa bakwai, saboda haka a lokacin bazara yana da kyau a haɗa da ma'aunin zafi domin gyara lissafin.

Idan gargaɗin ambaliya ake nufi a Gulbin Zamfara, sai a kafa na'urar a gada ko wuri mai tsayi da ke sama da garin ta inda ruwa ke fitowa, domin saƙon ya riga ruwan isowa. Dattawan gari da masunta da masu fito sun san iyakar da ruwa ya kai a shekarun baya, kuma da saninsu ya kamata a tsayar da matakin gargaɗi. A riƙa kuma bin hasashen ambaliya da hukumar NIHSA ke fitarwa kowace shekara.

Domin firjin rigakafi, ana amfani da DS18B20 tare da rasista mai kilo-om 4.7 tsakanin wayar saƙo da ta wuta. Ana ajiye allurar rigakafi tsakanin digiri 2 da 8, kuma daskarewa na lalata wasu alluran, kamar ta penta, yadda zafi ke lalata wasu. Don haka a saita gargaɗi ta ɓangarorin biyu. Muna jaddada cewa wannan na'ura mataimakiya ce kawai. Ba ta maye gurbin ma'aunin da hukumar lafiya ta amince da shi, ko rubuta awon firji safe da yamma da jami'i ke yi.

Tsara aikin yau da kullum

Allon da ke kunne dare da rana na cinye batir da wuri. A rubuta masa ya farka, ya auna, ya aika saƙo idan da buƙata, sannan ya koma dogon barci, misali na minti 15 ko 30. Haka kuma a sa ya aiko da saƙo guda kowace safiya mai ɗauke da awo da ƙarfin batir, ko da babu matsala. Ta haka, ranar da saƙon bai zo ba, an san na'urar ce ta tsaya. A kuma taƙaita yawan maimaita gargaɗi, domin na'urar da ke damun mutane da saƙo ba ta daɗewa ake daina kula ta.

Akwai darasin da jiharmu ta koya. A farkon watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a faɗin Jihar Zamfara saboda dalilan tsaro. An maido da su a Gusau a farkon Oktoba, sauran yankuna kuwa sai a ƙarshen Nuwamba. Na'urar da ta dogara da sabis kaɗai, a irin wannan lokaci ba ta da amfani. Don haka a sa mata katin ajiya da ɗan agogo irin DS3231, ta riƙa rubuta awo ko babu sabis, a kuma haɗa mata fitila ko jiniya da mutanen wurin za su gani ko su ji da kansu.

Kariya daga yanayi

A watannin Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a yankinmu, kuma ba a so a yi cajin batirin litiyam a zafin da ya wuce digiri 45. A kafa akwatin a inuwa, kamar ƙarƙashin faifan sola ko tanki, kada a manna shi da rufin kwano. Akwatin ƙarfe na toshe sabis, sai dai idan an fito da eriya waje. A shigar da wayoyi ta ƙasan akwatin, a toshe ramukan domin hana ruwa da tururuwa da zanzaro. Da hunturu kuma a riƙa goge ƙurar faifan sola aƙalla sau ɗaya a mako.

Hattara da dalma

Wannan gargaɗi na da nauyi na musamman a wurinmu. A 2010 aka gano annobar gubar dalma a ƙauyukan Duza, Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji da Bagega na Anka, da Yargalma da Tungar Guru na Bukkuyum, sakamakon niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu, kuma sai da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, aikin da ya kai Bagega a 2013.

Wayar liƙi da masu gyara suka saba narkawa, kusan kashi 40 cikin ɗari nata dalma ce. A nemi wadda ba ta da dalma. Idan ba a samu ba, a yi aikin a shago mai iska, nesa da yara da wurin girki, kada a riƙe wayar da baki, kuma a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Tsofaffin baturan sola da na mota su ma cike suke da dalma, kada a fasa su ko a bar su a tsakar gida. Haka nan muna sanar da jama'a cewa waɗannan ma'aunai ba sa gano dalma a ruwa ko ƙasa ko jini. Wannan aikin ɗakin gwaji ne, kuma duk wanda ya ce allonsa na yin haka, kada a saurare shi.

Nauyin da ke kan jami'ai da al'umma

Akwati mai wayoyi da batir da aka gani a jikin gada ko tanki na iya tayar da hankali a halin tsaron da ake ciki. Kafin a kafa shi, a sanar da hakimi da dagaci da mai unguwa da jami'an tsaron yankin, a bayyana wa jama'a aikinsa, a kuma rubuta sunan aikin da na sashen da ke kula da shi a jikin murfin.

Katin sim ya kasance a hannun jami'in da aka ɗora wa alhaki a rubuce, kuma a miƙa shi cikin takardun barin aiki idan an yi canjin wuri. A ware kuɗin kati a kai a kai, domin kamfanoni kan rufe layin da ya daɗe ba a yi amfani da shi ba. Saƙon gargaɗi ya riƙa zuwa ga mutum biyu ko uku, ɗaya a ƙauyen, ɗaya a ƙaramar hukuma, kuma kowa ya san abin da zai yi idan ya shigo. A ajiye kwafin umarnin da zanen haɗin wayoyi a ofis, tare da allo da batir na ko-ta-kwana.

Ba sai an je nesa neman masu wannan aiki ba. Ɗaliban sashen lantarki da na kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, da ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, tare da masu gyaran waya na kasuwanninmu, na iya koyon haɗa shi cikin ɗan lokaci. Wanda ke zaune kusa shi ya fi saurin zuwa gyara.

Kammalawa

Muna ba ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin ci gaban gari shawara su fara da wuri guda, su bar na'urar ta yi aƙalla wata ɗaya ana kwatanta awonta da na hannu, kafin a faɗaɗa zuwa wasu ƙauyuka. A fara da gwajin allo, a bi da wuta, sannan sabis, sannan ma'auni, kada a tsallake ko ɗaya. Daga ƙarshe muna kira ga jama'ar Anka, Gummi da Bukkuyum da su ɗauki irin waɗannan kayayyaki a matsayin dukiyarsu, su kare su daga ɓarna da sata, su kuma gaggauta sanar da hukuma duk lokacin da suka ga sun daina aiki.